Cajar Motar Likitan Awaki

"…lafiya lau, sai godiya. Au, ashe har yanzu kina nan da ranki? Ni da na ga kiranki da sassafe na zaci rabon gado ne ya taso."

"Ina nan daram, sai na ga furfura a wannan gemun naka mai kama da ragowar tsintsiya. Gaishe ni da kyau, mijin banza. Wane irin miji ne zai bar matarsa ta riga shi zuwa kasuwa a motar haya?"

"Mijin da auren ya ishe shi. Ina kwana, Tsohuwa?"

"Ban kwana ba. Da rana tsaka ake tambayar mutum kwana?"

A shagona ake wannan gaisuwa, ni kuma ina bayan kanta na saki baki. Sana'ata sayar da kayan cajin motoci masu lantarki: cajojin da ake kafewa a bango, cajojin tafi-da-gidanka, igiyoyi a nannaɗe a rataye, da kawunan soket iri-iri cikin kwalaye. Tsohuwar da ke zaune a kujerar roba ta baƙi, sanda tsakanin gwiwoyi, jaka a cinya, kakar saurayin ce, ita ta haifi uwarsa. Shi kuwa dogon da ya shigo yana juya makullin mota a yatsa likitan dabbobi ne, kuma a hannunta ya tashi tun yana rarrafe.

Na san duk wannan ne don ba yau ta fara zuwa ba. Jiya da hantsi ta shigo ita kaɗai, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, wace caja ce ta fi kowace lalaci a shagon nan?"

Na yi sororo. Duk wanda ya shigo nan mai sauri yake nema, har da waɗanda ba su da inda za su. Sai ta ja kujera ta warware mini zancen. Gidanta yana can bayan gari, da nisa sosai. Tun da jikan nata ya sayi motar nan, in ya je gaishe ta ko takalmi ba ya cirewa. Daga tsaye zai ce batir ya yi ƙasa, dole ya wuce tashar caji da ke kan babbar hanya kafin layi ya yi tsawo. Shayin da ta dafa masa ita take shanyewa da yamma bayan ya huce. Yanzu ya ce zai sayi cajar da zai riƙa jonawa a gidanta, ita kuma ta yi tambaya ta ji cewa akwai wadda kan ba mota abin komawa gida kafin a gama cin abinci a wanke kwanuka, akwai kuma wadda sai an kwana. Ta biyun take so.

"Ba tsarabarsa nake so ba," ta ce da ni. "Zama nake so ya yi. Gobe zan jawo shi nan. Kai dai ka kama bakinka, ni zan yi aikin."

Na yi mata alkawari, kodayake raina bai so ba, don babbar cajar ita ce mai riba kuma ta daɗe a kan kanta tana hararata. Amma tsohuwar ta ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba.

"Malam, sannu da aiki," in ji likitan, ya juyo wurina. "Caja nake so ta tafi-da-gidanka, wadda zan jefa a but ɗin bayan mota in jona a gidan wannan baiwar Allah. A wurin aiki muna da ta bango, a gidana ma haka. Nata gidan ne kawai yake bayan duniya."

"Bayan duniyar ne ya raine ka har ka yi wannan tsawon na banza."

"Ki bari manya su yi magana."

"Ina manyan? Ni dai mai shago nake gani da wani likitan awaki."

"Likitan dabbobi."

"To awaki mutane ne?"

Na sauko da kwalaye biyu na ajiye a kan kanta, na yi bayani kamar yadda na saba. Babbar tana jan wuta sosai, don haka sai an kira mai aikin wuta ya kafa mata ƙaton soket shuɗi irin na masu walda, da wayarsa daban tun daga mita. Ƙaramar kuwa a soket ɗin bango ake jona ta, kamar firij, sai dai a hankali take ɗura wa batir, in ya yi ƙasa sosai sai ta kwana tana aiki. Na leƙa waje na duba bakin motarsa, na gaya masa kan duka biyun zai shiga.

"Babbar," ya ce. Ko kallon ƙaramar bai yi ba.

"Tir," in ji Kaka. "Miƙo min ita in gani."

Na buɗe kwalin na ɗora mata a cinya. Ta ɗan ɗaga ta, ta yatsine fuska.

"Wannan ai gawa ce. Kai da bokitin ruwa ke sa ka haki, wa zai riƙa ɗaukar maka ita?"

"Ke mana. Me na ajiye ki ki yi?"

"Ka ajiye ni? Da wane sadakin? Har yau ko ɗankwali ban gani ba."

"Ai bashi na ɗauko ki, kuma na ga kayan ba su da kyau, mayarwa zan yi."

"Ka mayar wa wa? Masu kayan duk sun mutu, dole ka riƙe. Ɗan nan, karɓi gawarka. Maƙwabcina ya sayi irin wannan, ranar da ya jona ta duk fitilun unguwa suka dushe, kajinsa suka daina ƙwai."

"Wane maƙwabcin? Mai keken nan marar birki?"

"Shi fa."

"Yaushe ya yi mota?"

"Keken ya jona."

Dariya ta kusa ƙwace mini, na sunkuya kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin kanta. Likitan ya ɗauki ƙaramar da yatsu biyu ya karkaɗa ta a gaban fuskarta.

"Wannan kike so? Ai sa'arki ce. Kafin ta miƙe ta yi abu guda rana ta faɗi. In na haɗa ku biyu a gida ɗaya, wa zai tashi wani?"

"Ka raina mai tafiya a hankali don ba ka san daɗinsa ba. Uwarka kwana na yi na wuni ina naƙudarta, ga ta nan mutum mai natsuwa. Kai kuwa a bayan mota ka faɗo kan hanyar asibiti, ko jiran a tsaya ba ka yi ba. Shi ya sa har yau mazaunanka ba su san tabarma ba."

"Na ji muryarki ne a asibitin kina jira, na ce gara in fito tun a hanya."

"Da ka sani ka koma. Kuma motar ma da kake wa wannan hidima, mota ce? Abu ba murya ba hayaƙi, sai ka ce ɓarawo. Ran nan ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai ganin mutum na yi a kaina kamar aljani. Tiren ma sai da ya kife."

"Mota ce mai kunya. Ba irinki ba, da tun daga kan kwana ake jin ki."

"Motar kakanka in ta taso, tun daga nesa nake ɗora ruwan shayi, kafin ya iso ya tafasa."

"Ai tura ta ake yi, muryar masu turin kike ji."

"Ko tura ta ake yi, in ya shigo gida yana zama."

Ta jefa wannan ne cikin raha, amma ni da na san abin da ke ƙasa na ji inda ta dosa. Shi kuwa ko a jikinsa, ya riga ya zaro waya daga aljihu yana duba saƙo da hannu ɗaya.

"Malam, igiyar fa?" ya ce, idonsa a kan wayar. "Doguwa nake so, wadda zan ajiye mota a bakin titi in zura ta ta taga."

"Gajera," in ji Kaka.

"Wa ya tambaye ki?"

"Tagar taka ce? Ka shimfiɗa igiya a titi awakin unguwa su tauna, a kwaso maka su asibiti ka yi ciniki. Ashe dabara ce. Allah ya tona ka."

"Wuta ce a ciki, wace akuya za ta tauna?"

"Awakin unguwarmu ba su yi boko ba. Ka shigo da mota tsakar gida kamar ɗan mutunci, a rufe ƙofa."

"Wa zai riƙe makullin ƙofar?"

"Wa zai riƙe da? Gidan ubanka ne?"

"Gidan kakana ne, kuma ni ne magajinsa. Har da ke a cikin gadon."

"Ka gaji wahala kuwa."

"Wannan kam na sani. 'Yan'uwana suka kwashe gonaki, ni aka bar min rediyon da ba ya kashewa."

Na sa baki na ce duk wadda za a ɗauka, a auna tsawon da ake bukata tun yanzu, don abin da ba a so shi ne a yi mata ƙari da irin wayar ƙarin nan ta gida, zafi take yi har ta narke. Kaka ta watso mini harara, wai na yi magana ba a tambaye ni ba. Na koma na kama bakina.

"To an gama," in ji likitan. "Babbar, da doguwar igiya. Gobe in turo mai aikin wuta ya kafa soket a jikin bangon waje. In na zo in jona, mu gaisa, kafin ki gama ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya kusa, mota ta samu na komawa."

Ya zaro katin banki ya ɗora a kan kwalin. Kaka ta dube ni, ni kuma na dubi fanka. Na ga ta gyara zama, ta matse sandar da hannu biyu, na san wata babbar ƙarya ce ke tafe.

"Ka turo shi," ta ce. "Ka ce ya taho da likkafani. Wayoyin gidan nan tun kakanka yana da haƙora aka ja su. Dutsen guga kawai in na jona, bango yakan yi zafi har in shanya wanki a jikinsa."

"Kin huta da igiyar shanya ke nan."

"In ruwan sama ya sauko, ƙofar ƙarfen nan ja take yi. Rannan ta wurgar da mai kawo min madara har bakin kwata."

"Ta yi daidai, ruwa yake ƙara wa madarar."

"Cikin silin kuwa ƙara nake ji, tas-tas-tas, kamar ana suya."

"Ɓeraye ne, su ma sun gaji da surutunki suna haɗa kaya."

"Shekaranjiya soket ɗin ɗakin girki ya yi tartsatsi, ya ƙona min gefen zane. Da ban yi wuf na yayyafa ruwa ba, da yanzu kana zaman makoki."

Ya buɗe baki zai mayar, sai ya fasa. Makullin da yake juyawa ya tsaya.

"Ruwa kika yayyafa wa soket?"

"Da mai zan yayyafa?"

"Tsaya, Tsohuwa. Na kusa da gadonki fa, wanda kike jona fanka?"

Da ta dube shi da kyau da ta ga dariya ta bar fuskarsa. Amma ita gani take nasara ta zo, sai ta ƙara gishiri.

"Shi ai ya fi kowanne. Baƙi ƙirin ya yi. Wani lokaci har ƙauri yake, sai in juya masa baya in yi barcina."

Matsalar mutanen nan biyu ke nan. Tun yana yaro ƙarya suke yi wa juna don daɗi, ita ta ce gobe za ta mutu, shi ya ce ya riga ya sayar da gadonta, ba wanda ke ɗauka da gaske. To yau tsoro ya shigo tsakani, shi kuma ya rasa inda wasan ya tsaya. Ya juyo gare ni, fuska ba walwala.

"Malam, ka gaya min tsakaninka da Allah. In wayoyin gida sun lalace haka, ƙaramar tana da lafiya?"

Alkawari na yi na kama bakina, ban yi alkawarin ƙona gida ba. Na ce masa a'a. Ƙaramar ba ta jan wuta da yawa, amma takan daɗe tana ja ba hutawa, tsohon soket kuwa ba ya jure wannan. A irin gidan da aka kwatanta ma ita ta fi haɗari, don babbar ko ba komai da sabuwar wayarta take zuwa. Kaka ta yi mini wani kallo da har yau in na tuna sai na ji a wuyana.

Ya ɗauke katinsa, ya ture kwalayen biyu zuwa gabana.

"Ba na sayen ko ɗaya. Ba zan jona mota a gidan da ke jiran ashana ba, da tsohuwa a ciki. Tashar da na saba zuwa tana nan, zan ci gaba da zuwa. Ke kuma yau ba za ki kwana can ba. Gidan Umma zan kai ki, a kashe mita, sai an sake wayoyin gidan kaf."

Ya fara laluben lambar uwarsa. Kaka ta yi tsuru-tsuru. Ta ɗaure kanta da igiyar da ta murza da hannunta: in ta ce wayoyin lafiya lau, babbar zai saya ya ci gaba da gaisuwar tsaye, in ta kafe a kan maganarta, babu caja sam, ga kuma kwana a gidan 'yarta a bisa bene. Ta fara ja da baya a hankali.

"Tartsatsin fa ɗan ƙarami ne."

"Ƙarami ne ya ƙona zane?"

"Zanen da ma ya tsufa, ko kallonsa aka yi da ƙarfi sai ya huje."

"Bangon da ke zafi fa?"

"Rana ce ke dukansa."

"Ƙofar da ke ja?"

"Mugaye kawai take ja. Kai dai ka riƙa shiga da addu'a."

Bai yi dariya ba. Ya kara wayar a kunne, ya dube ta.

"Kaka," ya ce. Tun da suka shigo sai yanzu na ji ya kira ta haka. "Ki bar wasa. Wuta ba abokiyar wasanki ba ce."

Ta buga sandar a ƙasa har kwalayen da ke kan kantar shagon suka motsa.

"Ajiye wayar nan. Na ce ka ajiye! Kada ka tayar wa 'yata da hankali a banza."

Ya katse kiran.

"Wayoyin gidana lafiyarsu ƙalau. Bara kawunka ya kawo masu aiki suka sake su gaba ɗaya, tun daga mita har banɗaki. Fararen soket sababbi fil a kowane bango, makaho ma zai lalubo su. Aka fasa bango, aka yi shafe, aka yi fenti. Sau nawa ka zo bayan nan? Ka gani? Ina za ka gani, daga bakin ƙofa kake gaishe ni, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje."

Na ga yana ƙoƙarin tuno launin bangon falonta, na kuma ga bai tuno ba.

"To me ya sa kika…"

"Don ƙaramar nake so. Wadda za ta kwana. Akuya in aka kawo maka, tsugunawa kake yi ka buɗe bakinta, ka duba idonta, ka shafa cikinta, ka tambayi mai ita me ta ci jiya. Na gani da idona ranar da na biyo ka wurin aikin. Ni ban kai akuya ba? Ban ce ka ba ni magani ba, ban ce ka kawo min komai ba. Ka zauna kawai har shayi ya huce a hannunka, ba a nawa ba."

Na kama goge kantar da ba ta da datti. Ita kuma ta juya fuska wajen igiyoyin da ke rataye kamar tana ƙirga su, tana gyara mayafin da bai zame ba. Likitan ya ajiye makullin da wayar a kan kanta. Ya daɗe yana kallon takalmansa, sannan ya ja ɗayar kujerar robar ya zauna kusa da ita, gwiwarsa tana taɓa sandarta.

"Ai akuya," ya ce a hankali, "tana da haƙoran da za a duba."

"Ɗan banza."

"Kuma akuya ba ta yi wa likita ƙarya."

"Akuya ba ta raini jika marar mutunci ba. Da ta raina da ta koyi ƙaryar."

"Fenti wane launi aka yi?"

"Ba zan faɗa ba. Ka zo ka gani, in idonka na aiki."

Ya ɗago ya dube ni. "Malam, da kai aka haɗa wannan?"

"Ni caja nake sayarwa, Likita."

"Ƙarya yake," in ji Kaka, ko kunya babu. "Dubi idonsa. Jiya har ruwan sanyi ya ba ni, ya raka ni bakin titi. Shi ya koya min duk abin da na faɗa."

"Haba Kaka! Ni na ce ki yayyafa wa soket ruwa?"

"Ka ji shi, har ya fara musu. Kada ka ƙara sayen komai a wurinsa, mutumin da ba ya riƙe amana."

Na yi mata aiki, na yi asarar cinikin babbar caja, ga sakamakon da na samu. Na rantse a raina ba zan ƙara shiga tsakanin kaka da jika ba, don in sun shirya kai ne za ka zama abin dariyarsu.

Likitan ya miƙa hannu ya jawo kwalin ƙaramar.

"In na iso da la'asar, batir ya kusa ƙarewa, na jona wannan malalaciyar, yaushe za ta sallame ni?"

"Sai gari ya waye," na ce. "Wataƙila ma sai hantsi."

"Ka ji masifa. Sa min ita. Da gajeriyar igiya."

Na nuna masa madannin da ake rage ƙarfin wutar da shi, da fitilar da ke yin ja in kan soket ya ɗau zafi ta yanke da kanta, na kuma ce duk da sababbin wayoyi ne a sa mai aikin wuta ya leƙa soket ɗin da za a riƙa jonawa. Ya biya, na rufe kwalin na miƙa masa. Bai karɓa ba, ya nuna mini cinyar kakarsa.

"Ai a but ake ajiye ta, Likita," na ce. "Don haka aka yi ta."

"A gidanta za ta zauna. In tana but, wata rana zan ce na manto ta a wurin aiki. Na san halina."

Na ɗora mata kwalin. Ta dafa shi da tafin hannu ba ta ce komai ba, abin da ban zaci tana iyawa ba.

"Sai dai fa ki sani," ya ce yana miƙewa, "ni ba na kwana a tabarma, bayana na manya ne. Ɗakin bayan nan kuma na san shi, cike yake da tarkacenki, tsofaffin tukwane da buhunan tsumma. Ina zan kwanta?"

"A mota. Wa ya gayyace ka ɗaki? Ni caja na ce ta kwana, ban ce kai ba."

"To shi ke nan, a mota. Da ma kujerar tana kwantawa."

"Ka kwana mana, sauro ya yi bikinka."

"Zan rufe gilashi."

"Ka shaƙe ka mutu a ce ni ce."

"In buɗe kaɗan."

"Kai dai ba ka da hankali. Mutum da ɗakinsa a share, na kwashe tukwanen kaf, katifar ma tun shekaranjiya na shanya ta ta sha rana, na shimfiɗa sabon zanen gado, ka ce za ka kwana a…"

Ta kama bakinta da hannu, amma magana ta riga ta fita.

"Tun shekaranjiya?" Ya dafa kantar shagon ya bushe da dariya. "Tun ba a sayi cajar ba? Malam, ka zama shaida. Ka ji matar da ba ta gayyace ni ba!"

Ta ɗaga sanda kamar za ta kwaɗa masa, sai dariyar ta ci ƙarfinta ita ma. Ta yi ta yi har da tari, tana share ido da gefen mayafi.

"Ka ci wannan karon, angon ƙarya," ta ce. "Amma kada ka saba."

Ya sunkuya zai ɗaukar mata kwalin, ta doke hannunsa.

"Wannan ba ka taɓa shi. Ungo, riƙe min sanda."

Ta rungume kwalin da hannu biyu ta miƙe da ƙyar. Ya sa sandar a hammata, ya kama gwiwar hannunta, suka nufi ƙofa a hankali, yana rage takunsa daidai da nata.